Topkapi ko Harbiye: ina za ka ga tsofaffin takubba da bindigogi a Istanbul?

Ɗan'uwa, ka ce sarin kaya zai kai ka Istanbul, yini ɗaya kacal za ka iya warewa, kuma kana so ka san wanne ya fi wa mai sha'awar takobi da bindigar da: fadar Topkapi ko gidan tarihin soja na Harbiye. Idan takobi ne a ranka, Topkapi. Idan bindiga ce, Harbiye, ba ko tantama.

Topkapi fada ce da Sarki Muhammadu Alfatih ya gina bayan ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1924. Abin da ba za ka samu a wani wuri ba shi ne ɗakin Amanoni Masu Tsarki, kayan da aka fara kwasowa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. A nan akwai takubban da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), da na halifofi huɗu, da na Halid bin Walid, ga mai karatun Alƙur'ani yana rerawa ba yankewa. Ka lura da ruwan takubban: yawancinsu miƙaƙƙu ne, irin na 'yan sulkenmu ranar hawan sallah, ba lanƙwasassun da aka saba zana wa Larabawa ba. Zinariya da duwatsun da ke jikin ƙota da kube kuwa, maƙeran daular Usmaniyya ta Turkiyya ne suka ƙara daga baya don girmamawa. Kada adon ya ɗauke maka ido daga ƙarfen.

Ɗakin makamai daban yake, a farfajiya ta biyu, kuma can takobin Alfatih yake. A baitulmali kuma akwai wuƙar nan mai manyan zumurrudu uku da agogo a kan ƙota, wadda Sarki Mahmud na Ɗaya ya aika wa Nadir Shah na Iran, aka kashe Nadir a 1747 kafin ta isa, 'yan aike suka dawo da ita. Matsalar Topkapi cunkoso. A ɗakin amanonin layi ne ke tura ka, da ƙyar za ka tsaya ka ƙare wa takobi ɗaya kallo, kuma kuɗin shigar baƙi ba kaɗan ba ne.

Harbiye tsohuwar makarantar hafsoshi ce, inda Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya yi karatu. Babu turmutsitsi, za ka iya sa goshinka kusa da gilashi ka daɗe. A nan ne za ka bi bindiga daga mai lagwani, wadda sai an kai wuta bakin albarushi, zuwa mai ƙyastu, har zuwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu an yi wa ƙotarsu ado da hauren giwa da azurfa har ka yi mamakin an taɓa harba su. Ka nemi yatagan, gajeren takobin Janisari, zaratan sojojin sarakunan Usmaniyya: lanƙwasarsa ta ciki ce, ba shi da makarin hannu, ƙarshen ƙotarsa ya baje kamar kunnuwa biyu don kada ya suɓuce. Akwai igwa, sulke, kwalkwali, tantunan sarakuna na fagen fama, da guntun sarƙar da Rumawa suka tare mashigar ruwan birnin da ita a 1453. Da rana kuma makaɗan yaƙi na Mehter sukan yi wasa, kiɗan da ake ji har cikin ƙirji.

Da ni ne nake da yini ɗaya, Topkapi zan zaɓa, domin bindigogin Usmaniyya ana samun irinsu a Turai, amma amanonin nan wuri ɗaya suke. In masaukinka a unguwar Laleli yake, taragon T1 zai sauke ka a Sultanahmet, ka isa ana buɗe ƙofa, ka wuce ɗakin amanoni kai tsaye kafin jama'a su taru. In ka fito da sauran ƙarfi, jirgin ƙasa na M2 zai kai ka Osmanbey, daga nan Harbiye tafiyar ƙafa ce. Ka dai kiyaye ranaku: Talata Topkapi a rufe take, Harbiye kuma ba a buɗe ta ranar Litinin.