Katin ta'amin bayan ritaya: yadda na same shi a Gadarif, gabashin Sudan

Duk ma'aikacin gwamnati a Sudan ya saba ganin ana yankar kashi 4 cikin 100 na albashinsa da sunan ta'amin, wato inshorar lafiya, wurin aikinsa ya ɗora kashi 6 a kai. A jihar Sinnar aka fara tsarin a 1995, dokar 2016 kuma ta ce ya hau kan kowa. Mai ƙuruciya ba ya damuwa da shi. Sai ka cika shekara 65 an sallame ka, suga da hawan jini sun zo maka zama, sannan za ka san ko katin na da amfani. Ni dai da na ajiye alli na gwada shi, kuma hukuncina shi ne a yi shi, amma kada a jingina da shi gaba ɗaya.

Abin da abokan aikina da yawa ba su sani ba, ranar da albashi ya tsaya, hanyar da ake biya maka ma ta tsaya. Sunanka zai tashi daga jerin ma'aikata ya koma na 'yan fansho, ta asusun fansho ake ci gaba da biya. Tsakanin biyun nan akwai rami. Wani tsohon malami da muke sallar asuba tare ya bari sai da ƙafarsa ta kumbura sannan ya fara neman takardun barin aiki, watannin nan duka daga aljihunsa ya sayi magani. Don haka tun kafin albashin ƙarshe ka haɗa lambarka ta ɗan ƙasa, takardar ritaya, hotuna, da takardun iyalin da kake so a sa. Katin na gida ne: matarka, yaran da ke ƙarƙashinka, har iyaye idan Allah ya bar maka su. Ka duba yadda aka rubuta sunan kowa harafi da harafi, domin sunayenmu na Hausa sukan sha wuya idan an mayar da su rubutun Larabci.

Rajistar kanta ba ta ba ni wahala ba. Yarinyar da ke tagar ta ji ina magana da jikana da Hausa, sai ta ce, "Baba, kawo takardun, je ka zauna a inuwa, zan kira ka." Allah ya yi mata albarka.

Inda katin ya fi yi min rana shi ne cibiyar lafiya ta unguwa. Ganin likita ba ka biyan ko sisi, awon jini da na fitsari haka. Magani kuwa kashi 25 cikin 100 ne naka, asusun ta'amin ya ɗauki sauran. Wanda ke shan metformin na suga da amlodipine na hawan jini kowace rana, ga uwargida tana kan allurar insulin, ya san abin da rubu'in kuɗi ke nufi a zamanin da fansho ba ya kai mutum tsakiyar wata. Insulin ɗin ma, saboda ɗauke wuta, a ƙulle cikin leda muke ajiye shi a gindin randa, inda ƙasa ke da danshi.

To amma rangwamen yana kan magungunan da ke cikin jerin da aka amince da su ne kawai. Likita ya rubuta wanda ba ya ciki, cikakken kuɗi za ka biya. Yanzu kafin ya ɗora biro nakan ce, "Likita, wannan yana cikin jeri?" Sau da yawa akwai ɗan'uwansa mai aiki iri ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai wani kantin magani ne da ke karɓar kati. Na miƙa takarda, yaron ya ce ya ƙare. Ban bar wurin ba wani ya zo da kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, aka zaro masa kwalin daga ƙasan kanta. Da na yi magana, mai kantin ya ce, "Alhaji, wannan na kasuwa ne, na kati bai iso ba." Wataƙila gaskiyarsa ce, tunda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa rumbunan magani na Khartum, amma ban sake taka ƙofarsa ba.

Cunkoso ma ya ƙaru tun da yaƙi ya ci birnin Madani a Disambar 2023 mutane suka kwararo Gadarif. Mai son ganin likita da wuri, daga masallaci ya wuce ya kama layi. Ganin babban likita kuma sai da takardar turawa daga cibiyarka, kada ka ɓata kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, ka tafi kai tsaye.

Dattawanmu da suka ƙare rayuwarsu a gonakin riɗi da dawa, ba su taɓa cin albashi ba balle fansho, su ma suna da ƙofa: Diwanin Zakka, hukumar zakka ta gwamnati, yana biya wa iyalai marasa ƙarfi. A fara tambaya wurin kwamitin zakka na unguwa, a tafi da lambar ɗan ƙasa ta kowa da ke gidan.