Ƙaramin kamshaf na saka wa tsohuwar Chevelle ɗina, ga yadda muka ƙare

Gaskiyar magana, ƙara ce ta ja ni. Duk wanda ya taɓa zuwa inda masu tsofaffin motoci ke haɗuwa da safiyar Asabar a nan yankin Dallas ya san irin wannan gurnanin, inji na tsaye yana tangal-tangal kamar zai mutu amma ba ya mutuwa. Shi nake so. Motata Chevrolet Chevelle ce ƙirar 1972, injin 350, giya mai canza kanta TH350, kuma tun daga masana'anta ba wani ƙarfin a-zo-a-gani gare ta ba. Daga 1971 General Motors ya rage matsin silinda don injina su iya shan fetur marar dalma, nawa ya tsaya a 8.5:1. Ga shekaru sun ja, ɗaya daga cikin ƙusoshin tsohon kamshaf ɗin ya cinye, tafet sai ƙyas-ƙyas yake. Kamshaf dai shi ne sandan da ke buɗe bawul da rufe su, ƙusoshinsa su ne tuddan da ke jikinsa masu tura tafet, tafet kuma ya tura bawul.

Da farko Comp Cams XE268H na sa wa ido. Kamshaf ne mai suna, yana riƙe bawul a buɗe digiri 224 na shigar iska da 230 na fitar hayaƙi, kuma ƙarar da nake nema yana da ita. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi rayuwarsa yana buɗe irin waɗannan injinan, ya leƙa ƙarƙashin motar ya yi mini tambaya uku: nawa ne matsin silindarka, wace giya ce a bayan motar, kuma ka canza kwanbata (wadda ke haɗa inji da giya mai canza kanta)? Na ce 8.5, giyar baya ta asali ce doguwa, kwanbata ma ta asali. Sai ya girgiza kai.

Bayaninsa ya zauna mini. Babban kamshaf yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska, fistan ya riga ya fara hawa bawul bai rufe ba, wani kaso na cakuɗen iska da mai ya koma baya. Injin da matsinsa ke da yawa zai jure, ya rama a sama. Nawa kuwa da ma ba shi da rara. Sai ka tashi daga danja mota tana jan ƙafa, ga zuƙar iskar da ke taimaka wa birki ta ragu. Wato ka sayi gurnani ka sayar da ƙarfi.

Haka na haƙura na tuƙa zuwa shagon Summit Racing da ke Arlington na ɗauko nasu, lamba 1102, haɗe da sababbin tafet 16. Digirinsa 204 da 214, ɗagawar bawul wajen inci 0.420 da 0.442, tazarar ƙusoshi digiri 112. Na asalin 195 da 202 ne, ka ga ke nan taki ɗaya aka ƙara, ba tsalle ba. Daɗin abin, bai matsa wa tof silinda na asali ba, ban kai shi wajen masu gyaran ƙarfe ba. Kuɗinsa kuma ko kusa bai kama ƙafar mai rola ba (wanda tafet ɗinsa ke da 'yar taya a gindi), irin wanda Chevrolet ya fara sakawa a 1987, wanda mayar da tsohon inji kansa sai ka shirya aljihu. Sai dai kar farashin kwalin ya ruɗe ka. Na ƙara da sarƙar tayimin, sifirin na bawul, gasket, da bakin mai na musamman, kafin in ankara kuɗin sun ninka.

Maganar bakin man nan ba wasa ba ce. Tafet mai shafaffen gindi gogar ƙusa yake yi kai tsaye, kuma sinadarin zink da ake kira ZDDP ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. An rage shi a man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙin salansa. Tashin farko kuma shi ne mai yanke hukunci: inji ya kama nan take, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, har tsawon minti 20 zuwa 30, ba a barinsa a sulo, don fantsamar mai ce ke jiƙa kamshaf ɗin.

A nan na tafka tawa. Na mayar da distirbuta, mai raba wa fulogai wuta, a juye, rabin zagaye cur. Ina murɗa makulli sai fau! wuta ta fito ta kafireta, ta babbake mini gashin hannu. Na sake murɗawa sau biyu kafin dattijon ya riƙe mini hannu, domin kowane juyi na banza goge man da na shafa a ƙusoshin yake yi. Da daddare na kira Ogana na Kano, wanda na yi wa yaron gareji ina ɗan sakandare, ina jigilar kaya daga Ƙofar Ruwa. Dariya ya yi har da tari. "Kai yaro, har Amurka ka je ba ka daina gaggawa ba? Toshe ramin fulogi na ɗaya da yatsa, in ya huro ka, nan ne za ka saita distirbuta." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Oga." Washegari bugu ɗaya ta tashi.

Yau wata takwas ke nan. Na yanka matatar mai ta farko da ta biyu na duba, babu garin ƙarfe. A sulo agogon zuƙar iska na nuna inci 17, birki na nan da laushinsa. Inda na fi jin bambanci shi ne daga juyi 1,500 zuwa 4,000, wato inda mutum ke tuƙi kullum. Hawa babbar hanyar I-20 da a da sai na danne totur ƙasa, yanzu rabi ya wadatar. Wajen 4,800 numfashinta ke ƙarewa, kuma da ma ba don can aka yi shi ba. Shan mai kusan yadda yake ne, tana sha kamar raƙumi, a da ma haka take.

Gurnanin fa? Babu. Ɗan kauri kaɗan muryar ta yi, shi ke nan. Ranar Asabar ɗin da na fara fita da ita, wani mai Camaro ya tambaye ni yaushe zan saka kamshaf ɗin da nake ta magana. Abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Maiɗakina kuwa cewa ta yi ita dai ta gode Allah, maƙwabta za su ci gaba da gaishe mu.

Wanda matsin injinsa ya kai 9.5, ya sauya kwanbata da giyar baya, 1102 zai yi masa kaɗan, ya duba 1103 mai digiri 214 da 224 ko abin da ya fi shi. Ni dai kuɗin da ya rage mini na zuba su a asusun giyar baya, 3.42 nake hari kafin bazara.