Draib ko sof sitata: abin da mai injin lantarki a Sakkwato zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuma ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu injina suka fara lissafin da a da ba su damu da shi ba. Mai casar shinkafa, mai gidan fiya wata, mai ƙanƙara, manomin rani a Goronyo ko Wurno ko Kware, duk tambayarsu guda ce in sun zo wurina: "Injiniya, wanne ad da kyau, draib ko sof sitata?" Ba na ɓoye ra'ayina. Ni mutumin draib ne, wato na'urar sarrafa gudun moton lantarki da ake rubuta VFD a jikinta; sof sitata kuwa na'ura ce mai tayar da moto a hankali. Sai dai draib ɗin da aka saya ido rufe ba ya ganin damina biyu a garin nan, don haka a bi ni a hankali.

Matsalar da ake son magancewa tana wurin tashi. Moto mai fes uku, wato mai shan wuta ta layi uku, in aka jona shi kai tsaye, yana jan wuta ninki shida zuwa takwas na abin da yake ci in ya daidaita. Ɗauki moto mai ƙarfin doki 10, wato kilowat 7.5, wanda ke cin kusan amfiya 15 a kan bolt 400. Lokacin tashi zai iya zuƙar 90 har 120. Shi ya sa fitilun maƙwabta ke dushewa, janareta ya yi gurnani ya tofar da baƙin hayaƙi, bel ya yi ƙara, bututun ruwa ya buga kamar an doke shi da guduma.

Kontakta, wato makunnin da ke jona moto da layi kai tsaye, ta ishi ƙaramin moto, shi ke nan. Sita-delta, wato a tayar da moto a ɗaurin waya na sita sannan a canza shi zuwa ɗaurin delta, tana rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin juyin ma haka yake raguwa, kuma fizgar da ake gudu tana dawowa a lokacin canji; arha ce kawai falalarta.

Sof sitata ta fi su. Tana ba moto bolt kaɗan-kaɗan har ya kai cikakken gudu, wutar tashi ta tsaya a ninki uku zuwa huɗu, daga nan kontaktar da ke cikinta ko a gefenta ta karɓi aikin. In kana da babban inji mai gudu ɗaya tun safe har dare, ga taransifoma mai ƙarfi, ita ce taka, kuma ta fi draib arha da jure ƙura. Iyakarta ke nan. Ba ta canza gudu, ba ta rage kuɗin wuta in moto ya tashi, duk mai shagon da ya ce maka tana ragewa ciniki yake nema. Kuma in ka raba bolt gida biyu, ƙarfin juyin moto kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, saboda haka injin niƙan da aka ɗauke wuta da hatsi a cikinsa zai iya tsayawa yana kuka bai juya ba.

Draib aikinsa daban. Yana karɓar wutar layi mai haz 50, wato mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ya mayar da ita wutar DC irin ta batir, ya tara a kafasitoci masu ajiye caji, sannan ya sake ƙera wuta mai fes uku a kan haz ɗin da ka zaɓa. Gudun moto haz yake bi. Wanda ke juyi kusan 1450 a minti a haz 50, in ka ba shi 40 zai sauko wajen 1150, kuma ƙarfin juyinsa na nan tun daga ƙasa. Moton nan mai cin amfiya 15 zai tashi da 15 zuwa 22, ba fizga, ba gurnani. Ga mai janareta wannan kaɗai ya isa hujja, domin mutane da yawa suna sayen janareta mai ninki biyu ko uku na bukatarsu saboda daƙiƙu biyar na tashi, su kuma yini suna ɗura masa dizal.

Inda draib ya fi burge ni shi ne famfo da fanka. A irin waɗannan injina, wutar da ake ci tana bin gudu ne ninki uku a kan kansa: in ka sauke gudu zuwa kashi 80, wutar da famfon ke nema tana faɗuwa kusan rabi. Abin da aka saba yi a gidajen ruwa shi ne a bar famfo yana gudu iya ƙarfinsa a matse bawul, wanda daidai yake da ɗan kabu-kabu ya murɗe totur har ƙarshe yana taka birki. Da draib da ɗan ma'aunin matsin ruwa, famfon da kansa zai rage gudu in bukata ta ragu, ya kwanta in an rufe kawunan famfo duka. Amma kada a ruɗe ka da lissafin rabin nan a bohol mai zurfi. Can dole sai famfo ya yi gudun da zai ɗago ruwa har bakin rijiya, saurin da za ka iya ragewa kaɗan ne, ribar tana wurin tashi cikin laushi da kariya. Masu ƙera moton sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin bohol, suna gargaɗin kada a bar shi ƙasa da haz 30, kuma ya kai 30 ɗin cikin daƙiƙa guda, domin ruwa ne ke shafa abin da ke ɗauke da nauyin sandarsa. In wayar da ta sauka rijiya doguwa ce, sa filta a bakin fitar draib, in ba haka ba tartsatsin bolt zai ci kwayil a hankali.

Manomin fadama kuma sof sitata ba ta da abin da za ta yi masa, tunda ba ta aiki da sola. Draib na sola yana shan wutar fanel kai tsaye ba batir, ya fara juya famfo a hankali da hantsi, ya ƙara da azahar, ya sauka da la'asar. Abin kiyayewa shi ne jerin fanel. Moto mai bolt 400 yana son DC sama da 540, yawancin draib ɗin kuma iyakarsu 800 ce, ga shi sanyin asubar hunturu yana ɗaga bolt ɗin fanel. A yi lissafin da sanyin Janairu, ba da zafin Afrilu ba. Wanda fes ɗaya ne a shagonsa ma akwai ƙananan draib, galibi har kilowat 2.2, masu karɓar 230 su fitar da fes uku, muddin farantin moton ya nuna 230/400 kuma an ɗaura shi a delta.

Yanzu ga abin da Sakkwato ke yi wa draib. Yawancinsu an auna ƙarfinsu ne a digiri 40. Mu nan daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana wuce haka, balle ɗakin inji mai rufin kwano. Littafin da ke zuwa da su yakan ce a rage kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na ƙarfi a kowane digiri sama da 40, shi kuma kafasita ransa rabuwa biyu yake a duk ƙarin digiri 10. Draib ɗin kilowat 7.5 da kansa yana fitar da zafin da ya kai wat 200 cikin akwatinsa. Ni ban sa wa kowa daidai-wa-daida. Mataki ɗaya sama nake ɗauka, kullum. Sai ƙura. Draib mai alamar IP20 buɗe yake, ƙurar hunturu da dusar shinkafa za su toshe haƙoran sanyayarsa, damina ta zo su jiƙe su zama laka a kan allon lantarkin da ke ciki. Ko dai ka sayi mai IP55, wanda yake rufe, ko ka sa shi a akwati mai fanka da matacin da za a riƙa kakkaɓewa duk mako. Ka toshe ramukan waya ma, tsaka da ƙadangare suna son ɗumin wurin.

Kuma da amfiya ake zaɓe, ba da kilowat ba. Karanta farantin moto, ka nemi draib ɗin da amfiyarsa ta ɗara wannan. Moton sumo ya fi moton sama cin wuta ko da kilowat ɗinsu ɗaya. Draib guda yakan zo da lamba biyu, ta aiki mai sauƙi mai jure kashi 110 na minti ɗaya, da ta aiki mai nauyi mai jure 150. Injin niƙa da na casa da kwamfureso ta biyun suke so, mai shago kuwa ta farkon zai nuna maka don ta fi girma a ido. In moton tsoho ne da aka sha yi wa riwayin, a gwada rufin kwayil ɗinsa da mega, na'urar auna rufin waya, kafin a jona.

Duk wannan sauƙi ne a kan jabu. Wani Alhaji da nake yi wa aiki ya aika aka sayo masa draib daga wata babbar kasuwa, kwali sabo fil, sitika ta ce kilowat 11. Ya yi aiki lafiya lau cikin sanyi. Da zafi ya shigo sai ya fara yankewa kullum bayan azahar, har ranar da ya yi ƙara ya mutu da buhunan mutane jibge a ƙofa. Da na kwance murfin, lambar da ke kan allon ciki ta 7.5 ce, kan kusoshin duk sun sha sukuddireba, bayan fankar kuma akwai tsohuwar ƙura baƙa wadda ba irin tamu ba. Gwanjo ne aka wanke aka canza masa riga. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Injiniya, ba kuɗin ad damuwata ba, alkawalin mutane na." Har yau abin yana ci mini rai, domin a ranar ba shi kaɗai aka cuta ba, har matan da ke jiran shinkafarsu su kai kasuwa.

Saboda haka kada ka biya sai an ba draib wuta a gabanka. Sitika tana ƙarya, amma ƙwaƙwalwarsa ba kasafai ake iya taɓa ta ba. Shiga jerin saitinsa ka duba samfurin da amfiyar da shi kansa ya ce yana da ita, ka gwada da ta kwali. Duba awannin da ya yi aiki da tarihin matsalolin da ya adana. Sabon kaya bai kamata ya tuna ranar da ya yi zafi ba. Ɗaga shi ka ji nauyi, na jabu yakan yi shafal saboda an rage ƙarfen sanyaya da kafasita. Haska tocila ta ramukan iska, in ka ga kan kafasita ya kumbura, ajiye. Lambar siriyal ta jiki da ta kwali su zama ɗaya, ka ɗauki hotonta ka tura wa dilan kamfanin. Kalli rubutun sunan da kyau, wani lokaci harafi ɗaya aka sauya. Duba shekarar ƙira ma, domin draib ɗin da ya kwana shekara biyu a shago ba a kunna ba, kafasitocinsa sai an farfaɗo da su sannu a hankali kafin a ɗora musu kaya.

ABB da Schneider da Siemens da Danfoss kaya ne na gaske, kuma sunansu ne aka fi sata saboda shi ke sayarwa. In aljihunka bai kai ba, gara ka sayi Delta ko INVT ko Veichi mai ɗauke da sunansa na asali, da littafinsa, da wanda zai samo maka fanka da allon dannawa in sun lalace, da ka ɗauki babban suna a rabin kuɗi. Sof sitata ma ba ta tsira ba: tambayi ko kontaktar karɓar aiki tana ciki, don wasu sai ka biya ka tarar da sauran sayayya a gabanka. Rasit kuma a rubuta samfuri da siriyal da watannin garanti da biro, a buga hatimin shago. Wanda ya ce maka "tsakanina da kai ai ba sai an rubuta ba", ka yi masa godiya ka shiga shago na gaba.