Wata huɗu da canza bayan mariƙin bindigata

Tsakanin babban yatsana da manuni akwai tabo guda biyu a jere, kamar an ja layi da reza. Duk mai babban hannu da ya taɓa harba ƙaramar bindiga ya san daga ina suke. In ka riƙe ta can sama yadda ake koyarwa, ƙarfen saman da ke komawa baya a kowane harbi sai ya ɗebi fatar wurin. Shekara biyu ina haƙuri da wannan, ina cewa laifin hannuna ne.

Bindigar Glock 19 ce, ƙirar Gen4 da ta fito a 2010. Ina da lasisinta, ina kuma sabunta shi kowace shekara wurin 'yan sanda. Sana'ata ta shanu ce, tsakanin unguwar Nima a Accra da kasuwar Tulaku a Ashaiman, wanda ya san harkar ya san dalilin da ya sa na nema. A cikin akwatin da ta zo da shi akwai wasu 'yan robobi masu lanƙwasa da ake ƙarawa a bayan mariƙi, da ƙusar roba doguwa, da ɗan tsinken turawa. Ban taɓa waiwayarsu ba. Kawuna, tsohon ɗan sanda da ke zaune a Mamobi, shi ya ga tabon muna cin tuwo ranar wata Juma'a.

"Kai yaro, wannan cizon bindiga ne. Ina robobin da suka zo da ita?"

Na ce, "Suna nan cikin akwati, Kawu."

Ya ce in kawo su gobe bayan la'asar.

Kafin ya taɓa komai sai da ya sa na zare gidan harsashi, na ja saman baya, na leƙa ramin da harsashi ke zama kafin harbi da ido, na sa ɗan yatsa na tabbatar babu komai ciki. Harsasan kuwa ya ce in kai su wani ɗaki in rufe. Ni ma haka nake faɗa wa duk wanda zai yi wannan aiki, ko da ya rantse yanzu ya duba.

Aikin kansa bai kai shan shayi ba. Akwai wata gajeriyar ƙusa da ta ratsa saman mariƙin ta baya. Ka tura ta da tsinken ta fita, ka maƙala ƙasan robar a gindin mariƙi, ka danna ta sama har ramukan su yi daidai, ka sa doguwar ƙusar. Shi ke nan. Gajeriyar ka adana ta, don ita ake mayarwa ranar da ka cire robar. Tawa na ɗaure ta a leda na liƙa a murfin akwatin.

Inda aikin yake shi ne zaɓi. Matsakaiciyar roba tana ƙara milimita 2 a tazarar da ke tsakanin tafin hannu da kunama, wato abin da ake ja a yi harbi, babbar kuma milimita 4. A ido ba komai ba ne. Ni dai babbar na ɗauka kai tsaye, don ta cika mini hannu, na ji daɗinta ina tsaye a tsakar gida. Kawu bai ce uffan ba, sai da muka je filin koyon harbi. A nan na ga harbina yana karkata gefe ɗaya, saboda bakin yatsana kawai ke kaiwa ga kunama, ina tura ta maimakon in ja ta miƙe. Maɓallin sakin gidan harsashi ma sai na juya hannu kafin babban yatsa ya same shi. Muka sauya zuwa matsakaiciya mai leɓe a sama, wadda ke rufe fatar hannu. Tsokar yatsana ta zauna a tsakiyar kunama ba tare da na neme ta ba, ramukan da ke jikin takardar da nake harbi suka matso kusa da juna, kuma na tashi ranar babu ko ƙwarzane. Tun daga nan ban ƙara zubar da jini a filin ba.

Na yi zaton robar za ta riƙa motsi ko ta yi ƙara. Wata huɗu ke nan, da zafin Accra da gumin da hannu ke yi tun kafin azahar, tana nan daram. Sai dai gumi da ƙura suna taruwa a ƙarƙashinta, shi ya sa duk ƙarshen wata nake cire ta in goge wurin da tsumma.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne kube. Nawa na fata ne, wani baduku a Nima ya ɗinka mini shi tun farko, kuma maɗaurin da ke bi ta bayan bindigar ya daina kaiwa saboda leɓen. Sai da na mayar masa ya ƙara tsawo. Leɓen kuma yana ɗan tokarar haƙarƙari in na daɗe zaune a mota, musamman a cunkoson hanyar Tema. Na yarda da wannan, ya fi mini rauni a hannu.

Dabarar ba Glock ce ta fara ta ba. Bindigar Walther P99 ta zo da irinta tun 1997, Smith & Wesson M&P ma tana da tata, kowace da yadda ake kwance ta, don haka littafin da ya zo da bindigarka shi za ka bi. Mai ƙaramin hannu wataƙila babu abin da zai ƙara, mariƙin yadda yake ya ishe shi. Wani abokin kasuwancina a Tulaku haka nasa ya kasance: ya gwada duka ya mayar da su akwati, gajeriyar ƙusarsa ta koma wurinta.