Na je kallon zinaren jirgin Belitung, kwanuka suka riƙe ni

Duk wanda hanya ta bi da shi Singafo, kuma yana da rabin yini a hannu, ina ba shi shawarar ya leƙa gidan tarihin Asian Civilisations Museum da ke bakin kogin birnin. Sai dai ya san abin da zai tarar tun kafin ya sayi tikiti. Idan akwatunan zinare yake hange, irin wanda ake ba da labari, zai fito yana tsaki. Zinaren yana nan, amma bai taka kara ya karya ba. Kayan ɗan kasuwa ne aka tsamo daga ƙasan teku, kuma ni da kasuwanci ne abincina, nan kuɗin shigata ya biya.

Ɗakin da nake nufi shi ne Khoo Teck Puat Gallery, inda aka ajiye kayan wani jirgin ruwa na Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya a ƙarni na 9. A 1998 wasu masunta masu nutso suka ci karo da shi suna neman wata halittar teku da Sinawa ke ci. Ruwan wurin ba wani zurfi gare shi ba, kamar mita 17, kuma ba nisa da gaɓa. Wani kamfani mai suna Seabed Explorations, na wani Bajamushe Tilman Walterfang, ya samu izinin gwamnatin Indonesiya ya kwashe kayan a 1998 da 1999. Abin da aka fito da shi ya kai guda 60,000, kuma mafi yawansu kwanukan tangaran ne na Changsha, a lardin Hunan na ƙasar Sin.

Da shigarka kwanukan za su fara tarbarka. An jera ɗaruruwansu a kan sanduna, wasu sama wasu ƙasa, suka yi siffar igiyar ruwa, aka ɗora ɗan samfurin jirgin a kai. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa. Daga nesa ka ce duk iri ɗaya ne: girma ɗaya, zurfi ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa a gefen baki. Sai ka matso ka ga kowane da zanensa a ciki, wannan tsuntsu, wancan gajimare, wani fure, wani kuma 'yan layuka ne da mai zane ya ja cikin gaggawa, da alama sauran dubu na jiransa kafin rana ta faɗi. Ba kayan fada ba ne. Kayan sari ne, aka yi su da yawa don a kai wa masu saye a wata uwa duniya da maginin bai taɓa gani ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda aka shirya lodin. An riƙa jera kwanukan a zagaye cikin manyan randuna, ana sa ciyawa a tsakani, har randa ta cika. Shi ya sa da yawansu suka fito da ƙyallinsu bayan shekara fiye da 1,100 a cikin gishiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Guangzhou yana kallon yadda ake cusa kaya a kwantena don kada a bar ko tafin hannu a banza, zai gane lissafin nan take. Masana ma suna ganin daga tashar Guangzhou ɗin ko wata makamanciyarta aka yi lodin, za a nufi ƙasashen daular Abbasiyya. Akwai kwano ɗaya da aka rubuta wa kwanan wata a gindi, wanda ya yi daidai da shekarar 826 Miladiyya, wato zamanin Halifa Ma'amun. Da shi aka kintaci lokacin tafiyar.

Ɓangaren zinare da azurfa ba zai ci maka lokaci ba. Akwai wani kofi na zinare mai kusurwa takwas, da siffofin makaɗa da mai rawa a jikinsa, akwai 'yan akwatunan azurfa da madubai na tagulla. Kyau kam akwai. Nan jama'a suka fi cunkoso da wayoyinsu. Ni na fi daɗewa gaban wata doguwar buta da ta haura mita ɗaya, mai murfi da siffar kan dodo, da kuma farantai uku masu fari da shuɗi, waɗanda suna cikin mafi tsufa na irinsu da aka samu ba su fashe ba.

Jirgin kansa ba ya nan, bayaninsa kawai za ka karanta, amma kada ka tsallake shi. Tsawonsa kamar mita 18, kuma babu ƙusa ko ɗaya a haɗin katakansa. Ɗinke su aka yi da igiyar zaren kwakwa, irin aikin maƙera jiragen gaɓar Larabawa. Binciken da aka yi wa katakon ya nuna akwai itacen kawo na Afirka a ciki. Ƙasar Oman ta ƙera irinsa da wannan dabara, aka sa masa suna Jewel of Muscat, ya taso daga Maskat ya iso Singafo a 2010.

Akwai kuma wata magana da ya kamata mai zuwa ya sani. A 2005 aka sayar da kayan gaba ɗaya ga Singafo a kan kimanin dala miliyan 32. Masana binciken kayan tarihi da dama ba su ji daɗin yadda aka yi aikin ba. Sun ce kamfani mai neman riba ya kwashe cikin sauri abin da ya kamata a yi shekaru ana aunawa ana rubutawa, inda kowane abu yake kwance da abin da ke kusa da shi. Surutun ya yi ƙarfi har cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian a Amurka ta janye baje kolin da ta shirya yi a 2012. Masu kare kamfanin kuwa suka ce wurin a fili yake, ɓarayi sun riga sun fara ɗiba, jira na nufin asara. Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake na farkon ba ƙarya suka yi ba. Da an bar shi, da yanzu kwanukan suna warwatse a shagunan dillalai. Abin da ya sa na yarda da cinikin shi ne ba a raba kayan ba, dunƙule aka sayar da su.

Wanda zai je ya ware wa ɗakin nan awa ɗaya da rabi aƙalla, ya fara da shi tun ƙafarsa ba ta gaji ba, sannan ya hau sauran benaye. Daga tashar jirgin ƙasa ta Raffles Place tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, ka haye gada ka iso. Yara ƙanana za su gundura da wuri, don karatun allo ya fi kallo yawa a wasu wuraren. Baƙo yana biyan kuɗin shiga, kuma farashin kan sauya, don haka a duba shafinsu na intanet kafin a fito daga masauki.