Takalmin Gudu: Na Gwanjo Ko Sabo Mai Araha?

Masu fara motsa jiki sun yi ta tambayata wanne za su saya, takalmin gudu na gwanjo ko sabo mai araha.

Wajen kuɗi, tazarar ba ta da yawa. A gwanjo kakan dace da Asics ko Nike a farashin sabo marar suna. Matsalar ita ce soson ƙasan takalmi yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma ba ka san iyakar abin da mai shi na farko ya taka ba. Abin da ya fi damuna, ya riga ya bi takunsa. Juya shi ka duba; in gefe ɗaya ya cinye, bar shi, kada gwiwarka ta ji jiki.

Sabon zai bi takunka tun farko, sai dai sosonsa kan yi tauri, gam ya saki da wuri.

Kowanne ne, gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba.

Mai gudu mai nisa a kan kwalta, wanda ya iya duba kaya, gwanjo mai sauran rai ya fi masa. Mai ɗan sassarfa a fili, sabon ya ishe shi.