Tayar Beljiyam mai hoton dutse da ƙanƙara: ba ta ranarmu ba ce

Masu sayen taya 'yar Beljiyam a Katsina, ku riƙa duba gefenta kafin ku biya. Guda biyu na saya kafin a shiga bazara, zanensu da zurfi, ba faci ko ɗaya. Mai shagon har rantsuwa ya yi: "Alhaji, wannan ko sabuwa albarka." Kuɗin ma bai kai rabin na sabuwa ba.

Gaskiya da farko na ji daɗinsu. Mota ta yi laushi a hanyar Daura, kuma iska ba ta sauka, sai in daɗe ban tsaya wurin mai faci ba. Wannan kam dole in yaba. Shimfiɗar da ke cikin taya marar tif da robar butil ake yin ta, wadda ake haɗawa daga sinadaran man fetur, kuma ta fi robar itace riƙe iska nesa ba kusa ba.

To amma da zafin Afrilu ya kankama, sai zanen ya fara cinyewa kamar sabulu a ruwa. In ka dawo daga Mashi da rana tsaka ka taɓa tayar, za ka ji ta yi luguf, gefen zanen yana marmashewa a yatsa. A kwana kuma mota sai ta riƙa lilo. Mai facin unguwarmu ne ya tsuguna, ya goge ƙurar da babban yatsa, ya nuna mini wani ɗan hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Ya ce, "Yallaɓai, tayar hunturun Turai aka sayar maka."

Ashe kowace taya da haɗinta. Ana cakuɗa robar itace da ta masana'anta, musamman wadda ake kira SBR, a zuba baƙin kabon da silika, gwargwadon yanayin da za ta yi aiki. Ta hunturu an yi ta ne ta zauna da laushi in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Mu nan kuwa bazara tana haura 40, kwalta ta fi haka zafi. Ina za ta kai?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lambobi huɗun nan na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi taya. Nawa 2316 ne, wato mako na 23 a 2016! An shafe tayoyin da baƙin mai don su yi sheƙi. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya wajen 2007 da 2008 muka zama bolar tayoyin duniya.

Na koma shagon, mai shi ya ce shi bai san wani hoton ƙanƙara ba, kuma Beljiyam ba a mayarwa. Ko ruwa bai ba ni ba.